Mota mai ƙarfi biyu, da labarin kuɗin mai a Ɗan Issa

Duk wanda ya taɓa zama bakin kwalta a Ɗan Issa ya san motoci. Hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina ta tsakiyar garinmu ta bi. Yau akwai wata irin mota da ake gani jefi-jefi. In ta taso daga tsaye, ba ka jin ƙugin inji, sai ƙarar taya bisa ƙasa. Turawa suna ce mata haibirid. Mu sai mu ce mota mai ƙarfi biyu, don tana tafiya da mai, tana kuma tafiya da batir. Me ya sa mutane suke sayen ta, alhali ta fi ƴar'uwarta tsada? Amsar tana cikin tarihin kuɗin mai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1901, wani saurayi mai suna Ferdinand Porsche ya ƙera irin wannan mota a birnin Biyana, ƙasar Ostiriya. Tun Turawa ba su gama kafa mulkinsu a ƙasar Hausa ba ke nan. Motar ta yi tafiya, amma ta yi nauyi, ta yi tsada. A 1908 sai Henry Ford na Amurka ya fito da motarsa mai araha, mai aiki da mai kaɗai. Mai kuwa a lokacin kamar banza yake. Wa zai biya kuɗin ƙarfi biyu, ga ƙarfi ɗaya ya ishe shi? Aka ajiye dabarar, aka manta da ita shekara da shekaru.

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya tashi tsakanin Masar da Siriya a gefe guda, da Isra'ila a gefe guda. Ƙasashen Larabawa suka rage man da suke sayarwa. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dalar Amurka 3 zuwa kusan 12 cikin ƴan watanni. A Amurka mutane suka yi dogon layi a gidajen mai. Sai suka fara ƙin manyan motocinsu masu shan mai, suna neman ƙananan motocin Japan.

Mu a nan, tsofaffinmu ba da wannan suke tuna 1973 ba. Da fari da yunwa da mutuwar dabbobi suke tuna ta. Amma tsadar man duniya ta zama arziki ga maƙwabciyarmu Najeriya. Kuɗi ya shigo mata sosai. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta cika hanyoyi. Gwamnatin Najeriya kuma ta riƙa biyan wani kashi na kuɗin mai, don talaka ya saya da sauƙi. Wannan shi ake kira tallafin mai.

To, mai araha ba ya tsayawa a iyaka. Ya riƙa tsallakowa cikin jarka, bisa keke, bisa babur, bisa jaki. Ana zuba shi a kwalba, ana jerawa bakin hanya. Ruwa-ruwa ke nan, wanda kowa ya sani. Gidaje da yawa a Ɗan Issa da Madarumfa da Maraɗi da shi suka ci, da shi suka yi aure. Shi ya sa kusan shekara 50, in mutumin nan zai sayi mota, tambayarsa biyu ce. Tana da ƙarfin ɗaukar kaya? Ana samun kayan gyaranta? Yawan man da take sha, ba kowa ya damu da shi ba.

Japan kuwa ba ta da rijiyoyin mai na kirki. Kusan duk abin da take ƙonawa sayowa take yi. A watan Disamba na 1997 kamfanin Toyota ya fito da mota mai suna Prius. Ita ce mota mai ƙarfi biyu ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A wannan watan ne kuma ƙasashen duniya suka taru a birnin Kiyoto na Japan, kan maganar hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi. A 2000 Prius ta shiga kasuwar Amurka da Turai. A 2008 gangar mai ta kai dalar Amurka 147, masu saye suka ƙaru. Zuwa 2017 Toyota ta sayar da irin waɗannan motoci miliyan 10.

Ga yadda take aiki. Injin mai ya fi ɓarna wurin tashi daga tsaye, da wurin tafiya sannu-sannu, da wurin jira a kunne. A nan ne batir yake karɓar aikin, injin ya huta. In an hau hanya an miƙe, injin ya karɓa. In direba ya taka birki, ƙarfin da taya take da shi ba ya tafiya a banza, yana komawa cikin batir. Kamar manomin da yake tara harawa da kaka, ya ba dabbarsa da rani. Ku lura da wannan: irin ta Prius ta asali ba a sa mata caji a bango. Da kanta take cika batirinta. Ga garin da wuta ba ta zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu sun saye ta don rage hayaƙi. Wasu don gwamnatinsu ta sassauta musu haraji. Wasu ma don a gan su ne kawai. Amma a ganina mafi yawa lissafin aljihu suka yi, musamman direbobin tasi.

Lissafin ya iso mu a ranar 29 ga watan Mayu na 2023. Ran nan sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce naira 500 cikin ƴan kwanaki. A 2024 ta haura naira 1000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai, aka rufe iyaka har watan Maris na 2024. Ruwa-ruwa ya yi wuya. Nijar tana da matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, kuma a 2024 gwamnati ta mai da litar mai sefa 499. Duk da haka, a watan Maris na 2025 mai ya yi ƙaranci, aka yi layi a gidajen mai.

Bari mu yi misali da alli. Daga Ɗan Issa zuwa Maraɗi wajen kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. A ce tsohuwar mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Za ta sha lita 8, wato jika 4 in lita dala 100 ce. A ce mai ƙarfi biyu tana shan lita 5. Za ta sha lita 4, jika 2. An rage jika 2 a yini. A kwana 25 na aiki, jika 50 ke nan.

Sai dai kada lissafin ya ruɗe ku. Ribar ta fi yawa a cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi. A doguwar hanya da kaya jibge, injin mai ne yake yin yawancin aikin, ragin ba zai kai haka ba. Motocin da suke iso mu kuma na hannu ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka. Babban batirinsu ya riga ya tsufa, zafin bazararmu da ƙura suna ƙara gajiyar da shi. Canza shi yana da tsada ƙwarai. Wutar cikinsa kuma tana iya kashe mutum, wayoyinta masu ruwan lemo ne don gargaɗi. Ba kowane bakanike ne ya koyi taɓa ta ba. Wanda zai saya, ya fara tambaya a Maraɗi ko Katsina wa zai gyara masa, ya kuma sa a auna lafiyar batirin da na'ura kafin ya ƙirga kuɗi.