Fitila Da Rana Tsaka: Daga Ƙanƙarar Turai Zuwa Bakin Iyakar Gobir

Mai karatu, ka san alamar nan da mutanenmu ke yi wa direba a bakin titi, wato su riƙa buɗe yatsu suna rufewa, wani ma har da kira: "Malam, wutarka!" Tausayi ne ke sa su, don sun san abin da fitilar da aka manta ke yi wa batir. Sai direba ya duba makunni ya ga a kashe yake, amma wuta na ci. Daga nan sai zargi ya tashi: ko mai wayarin ne ya yi aika-aika, ko dai motar ce mai iskoki. To babu ko ɗaya. Abin yana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta ƙasar Gobir.

A wajenmu fitila da rana magana ce. Ko amarya za a kai, ko gawa aka ɗauko, ko wani babba ne tafe. Mutanen Isa sun sha kallon irin wannan jerin gwano tsakanin 1999 da 2007, lokacin da ɗan yankinsu Attahiru Bafarawa ke gwamnan Sakkwato. Daraktocinmu ma sun san haka, shi ya sa da ka ga motoci a fim sun jero da wuta a kunne ba ka buƙatar a ce maka biki ake. Wani lokacin kuma dabara ce kawai: a ɗauki hoto da rana, a dusashe shi, a kunna fitilar mota don ka ɗauka dare ne. Faransawa na kiran wannan dabara "daren Amurka", har François Truffaut ya yi fim mai wannan suna a 1973. Namu dai sau da yawa inuwar jarumi ce ke tona asiri.

Motocin farko da fitilar mai ko ta gas suke tafiya, sai direba ya sauko ya ƙyasta ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya haɗa fitila da kunna inji a kan lantarki ɗaya. A 1952 General Motors ya fito da wata na'ura mai suna Autronic Eye, wadda ke rage hasken fitila da kanta in ta hango wata mota tafe. Wajen 1960 kuma sai ga Twilight Sentinel, mai kunna wuta idan magariba ta yi. Ka ji kakar abin da ke rikita direbobinmu yau.

Amma a nan sai ka natsu, don abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne wannan mai "ido". Na biyu fitilar da aka yi ta musamman don rana, kuma doka ce ta haife ta. A ƙasashen arewacin Turai, lokacin sanyi rana kan yi 'yan sa'o'i ne ta faɗi, ga ƙanƙara ga hazo. Finlan ta wajabta kunna wuta da rana a hanyoyin karkara lokacin sanyi a 1972, Suwidin ta wajabta shi a ko'ina a 1977. Kanada ta ce daga Disamba 1989 duk sabuwar mota ta zo da fitilar da ke kama kanta da an tashi inji, Tarayyar Turai ta bi sahu a Fabrairun 2011. Manufar ba direba ya ga hanya ba ce. A gan shi ake so.

To yaya aka yi dokar masu ƙanƙara ta iso garin da rana ke dafa ƙwai? A ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, wato ta yi daidai da Nijar da Binin da Amurka da yawancin Turai. Shekarun da Fijo ta Kaduna ke tashe, daga 1975, ba a ji tasirin haka sosai ba. Da Naira ta karye bayan 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwar 'yan Kwatano ta buɗe. A sauke mota a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a haura da ita ta Gaya da Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi, da sunan ta Nijar ce, daga nan ta sulalo kudu.

Wanda bai san Gobir ba shi zai yi mamakin sauƙin sulalowar. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can ne kuma Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Turawan Ingila da Faransa sun zo a farkon ƙarni na 20 suka ja layi a tsakanin 'yan'uwa, amma auratayya da cin kasuwa ba su san da layin ba, hanyoyin daji ma haka. Shi kuwa ɗan fito, babban makaminsa duhu. Ka ƙiyasta halin wanda ya ɗauko mota 'yar Kanada da tsakar dare yana son ya wuce kwastan a ɓoye, ita kuwa ta rantse ba za ta rufe ido ba! Dole ya nemi fiyus ɗin ya zare. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan tudu daga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan suna yawo.

Ita mai idon kuwa, yawancin laifin namu ne. Idon wani ɗan ƙulli ne a saman dashbod, gab da gilashi, yana auna hasken sama. Mu kuma ba mu iya ganin dashbod tsirara. Sai mun shimfiɗa masa kafet saboda zafin rana, mu ɗora hula da carbi da kwalin tishu da takardun mota. Da ido ya rufu, motar ta ɗauka dare ya yi. Ƙurar hunturu ma in ta taru tana yin wannan aikin. Sau da yawa gyaran bai wuce ɗaga kafet da goge wurin da tsumma ba, amma sai a tafi gareji a yanke waya a biya kuɗi. Akwai kuma masu ɗan jan birkin hannu kaɗan, don a wasu motocin fitilar rana ba ta kamawa sai an sake shi. Wannan ganganci ne, birki suke ci.

Abin takaicin, lokacin da ake matuƙar buƙatar na'urar, lokacin take yin shiru. Hazon Janairu a hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni yana iya ɓoye tirela, amma sama da haske, don haka idon ba ya ganin dalilin kunna komai. Fitilar rana kuma a motoci da yawa gaba kaɗai take ci, baya duhu. Kanada da kanta sai a Satumbar 2021 ta sa dokar toshe wannan kafa.

Wata uku bayan haka, a Disambar 2021, 'yan bindiga suka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa, a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki, sama da ashirin suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Injiniyan da ya zana fitilar rana ya gina lissafinsa ne a kan cewa duk wanda ya hango ka daga nesa zai kauce maka. Direban da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Shinkafi, la'asar ta yi masa sakaliya kafin ya kai Isa, lissafinsa daban ne: yana son makunnin da in ya ce wa wuta mutu, za ta mutu.