Maharbi da Naman Abin da Ya Kashe

Tun kafin jihadin 1804, maharban ƙasar Hausa kan shafa dafin kwankwani a kibau. Idan dabba ta faɗi, sukan hanzarta su yanka ta, su cire naman bakin raunin, su ci sauran. Malaman Malikiyya sun sharɗanta a yanka irin wannan dabba da sauran ranta, in ba haka ba ta zama mushe. Su ma manoman Tafkin Chadi kan kama jan-baki mai ɓarnar gero da dawa, su soya. Lamarin ya sauya a ƙarni na 20, lokacin da aka fara feshin fenthion ta jirgin sama, domin gubarsa kan saura a jikin tsuntsun. Ke nan, hanyar kisan ce ke tabbatar da ko naman ya ciwu.