Wasiyya

Wasiyya ita ce umarnin da mutum yake bari, a rubuce ko da baki, kan abin da za a yi da wani ɓangare na dukiyarsa bayan rasuwarsa.

Dalili

Ana yin wasiyya don kada haƙƙi ya salwanta. Malamai sun wajabta ta ga wanda ake binsa bashi ko yake riƙe da ajiyar da ba wanda ya san da ita. Ta hanyarta kuma ake barin wani abu ga wanda ba ya cin gado, kamar agola, ko ga masallaci.

Lokaci

Ba a jiran tsufa ko ciwon ajali. Hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hori mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu bai rubuta ba. Yana iya canza ta muddin yana raye.

Sharuɗɗa a Musulunci

Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, sai da yardar sauran magada. Ana zartar da ita bayan hidimar jana'iza da biyan bashi, kafin rabon gado. Aya ta 106 a Suratul Ma'ida ta ambaci kafa shaidu biyu adalai.