Akitek: Sunan Da Ya Tashi Daga Bakin Aiki Ya Koma Takarda

A yau idan aka ce wane akitek ne, kowa ya san ana nufin mai zanen gine-gine, wanda yake fitar da taswirar gida kafin a haƙa tushe. Sunan ya haura shekara 2,400 a bakin mutane, kuma a farkonsa ko kusa babu maganar zane a cikinsa. Tarihinsa tarihin wata tambaya ce da ta daɗe: ginin na wa ne, na wanda ya tsara shi a ka, ko na wanda ya ɗora shi da hannu?

Asalin kalmar daga Girkanci ne, arkhitekton. Gaɓa biyu ce aka haɗa. Arkhi na nufin shugaba ko na gaba, tekton kuma mai sana'ar hannu, musamman kafinta, har da masu sassaƙa katakon jirgin ruwa. Ma'anarta ke nan a sarari, shugaban masu sana'a. Mutum ne daga cikin ma'aikata wanda ya fi su gogewa, aka ɗora masa alhakin aikin.

Herodotus, masanin tarihin nan na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana cikin waɗanda suka fara barin kalmar a rubuce. Ya kira Eupalinos mutumin Megara da wannan suna, kuma aikin da ya sa aka san Eupalinos ba gida ba ne, ba fada ba. Ramin ruwa ne ya huda a cikin dutse a tsibirin Samos, tsawonsa ya zarce kilomita 1. Ma'aikata suka fara haƙa daga ɓangarori biyu na dutsen har suka haɗu a tsakiya, ruwa ya isa birni. Haka kuma ya kira Mandrokles, wanda ya jera jiragen ruwa ya yi wa Sarki Dariyus na Farisa gada a mashigar Bosforus. A wannan zamani namu, dukansu biyu injiniyoyi za a ce musu.

A birnin Atina an sassaƙa lissafin kuɗin wani ɗakin bauta mai suna Erekteyon a jikin dutse, wajen shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa. Lissafin ya nuna shugaban ginin yana karɓar dirakma 1 a rana, daidai da ladan gwanayen da ke aiki a ƙarƙashinsa. Yana gaba da su a umarni, amma a wajen biya sahu ɗaya suke. Sai dai tun a lokacin tunani ya fara karkata. Masanin falsafa Aflatun ya kawo shi misali da mutumin da yake ba da ilimi da umarni, ba ƙarfin damtse ba.

Rumawa suka ari kalmar suka mai da ita architectus. A cikinsu aka sami Bitrubiyus, tsohon mai kula da injinan yaƙi, wanda ya rubuta littafi mai kashi 10 a kan gini ya sadaukar da shi ga Sarki Augustus. Ya shimfiɗa abin da ya wajaba mai wannan suna ya sani: zane, lissafin awo, tarihi, falsafa, kiɗa, likitanci, shari'a da ilimin taurari. Ya ce kowane gini sai ya cika sharuɗɗa uku, ƙarko da amfani da kyau. A wurinsa sana'ar ta haɗa har da agogon rana da na'urorin ɗaga kaya da na jan ruwa. Kuma ya dage cewa karatu ba tare da aikin hannu ba bai isa ba, haka hannu ba tare da karatu ba.

Daga nan darajar sunan ta yi ta hawa da sauka. A Kustantiniya, mutanen nan biyu da suka tsara majami'ar Aya Sofiya tsakanin 532 da 537, Antemiyos da Isidoros, masana lissafi ne, kuma laƙabinsu mekanikos, wanda a lokacin ya fi arkhitekton girma. A yammacin Turai kuwa, cikin ƙarnukan da aka gina manyan majami'u na dutse, kalmar ta ja baya sosai. Wanda ke riƙe da aiki ana kiransa shugaban masu sassaƙa dutse ko ubangidan aiki. Tun yana yaro yake shiga koyo, ya yi shekaru yana fasa dutse kafin a ba shi sandar awo. Wani lokaci ma idan marubuta suka rubuta architectus, limami ko basaraken da ya sa aka yi ginin suke nufi.

A ƙasashen Musulmi an bi wata hanyar. Larabawa suna da banna, wato magini, suna da muhandis, suna da mi'imar. Muhandis ta samo asali daga kalmar Farisanci mai nufin awo, kuma tsofaffin ƙamusoshin Larabci sun fassara ta da mai auna inda za a haƙa hanyoyin ruwa. Mi'imar kuwa daga tushen da ke nufin raya wuri take. Ita ce Turkawa suka mai da mimar, laƙabin da ya manne wa Sinan, shugaban maginan Daular Usmaniyya na kusan shekara 50 har rasuwarsa a 1588. Sinan da kafinta ya fara. Ya bi rundunar yaƙi yana gina gadoji kafin ya kai ga masallacin Sulaimaniyya a Istanbul da na Salimiyya a Edirne.

Babban juyi ya faru ne a Italiya a ƙarni na 15. Masana suka koma kan littafin Bitrubiyus, sai ɗaya daga cikinsu, Alberti, ya rubuta nasa, wanda aka buga a 1485. Shi ne ya fito ƙarara ya raba mai tsara gini da mai aikin hannu. A ganinsa kafinta kayan aiki ne kawai a hannun mai tsara gini, kuma ainihin ginin yana cikin tunani da zane. Shi kansa ya riƙa aika zane da wasiƙu zuwa wurin aiki, wasu na aiwatarwa. Daga nan ne mai fenti ko maƙerin zinariya zai iya zama mai tsara gini ba tare da ya taɓa kwaɓa ƙasa ba. Kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, inda John Shute ya kira kansa da ita a littafin da ya buga a 1563.

Bayan takarda sai makaranta da doka. Faransa ta kafa cibiyar sarauta ta nazarin gini a 1671. Masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1834, a Amurka a 1857. A 1931 Birtaniya ta yi dokar rajista, a 1938 ta hana kowa amfani da sunan sai mai rajista. Nijeriya ta kafa ƙungiyar masu zanen gine-gine a 1960, sannan doka ta 10 ta 1969 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. Sunan da a da abokan aiki ke bai wa gwaninsu ya zama abin da hukuma ke bayarwa bayan karatu da jarrabawa.

Mu ma a ƙasar Hausa ba mu rasa namu ba. Muna da magini, muna da Sarkin Magina, sannan muna da Babban Gwani, laƙabin Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Da tubali da azara ya ɗaga bakan gizon da masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka auna suka rubuta. Ku dubi laƙabin da kyau, babba a cikin gwanaye. Abin da Girkawa suka nufa ke nan da farko, ba tare da wani ya ara daga wani ba. A Nijar kuma, Falke Barmu, magini ɗan ƙauye, shi ya tsara ya gina masallacin Yama a yankin Tawa, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Ina girmama zane, ina girmama rajista. Benen siminti da rodi ba ya yafe kuskuren lissafi, kuma rayukan da ake rasawa idan gini ya rufta sun isa hujja cewa dole a san wanda ya sa hannu a takarda. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ta shiga tsakanin mai zane da mai gini, har ɗaya yana raina ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibanmu masu karatun zanen gini su riƙa zuwa wurin tsofaffin magina tun suna raye, su tambaye su yadda ake jera azara, yadda ake haɗa makuba, da dalilin da ya sa soron ƙasa ke yin sanyi a tsakiyar bazara. Maginanmu kuma su karɓi awo da lissafi, su daina ganin takarda a matsayin ƙaƙale. Mai gina gida shi ma ya nemi su biyun, ya biya kowa haƙƙinsa, domin iyalinsa ne za su kwana a ƙarƙashin rufin.