Yajin Aikin 'Yan Jarida da Matsayin Masu Ra'ayin Gurguzu

A ranar 8 ga Disamba, 2022, ma'aikatan jaridar New York Times sama da 1,100 suka ajiye aiki na kwana guda saboda taƙaddamar albashi. Yajin ya tayar da tsohuwar muhawara tsakanin masu ra'ayin gurguzu: ɗan jaridar babban kamfani ɗan ƙwadago ne da ya cancanci a mara masa baya, ko kuwa kakakin 'yan jari-hujja ne? Wannan nazari ya auna tambayar da tarihin jaridun Amurka da Birtaniya.

Masu ƙin goyon bayan suna da hujja mai nauyi. New York Times ce ta yi ta baza rahotannin cewa Iraƙi na da makaman ƙare-dangi a 2002 da 2003, kuma sai a watan Mayun 2004 editocinta suka amsa cewa ba a tantance wasu daga cikin rahotannin yadda ya kamata ba. A ganin masu wannan ra'ayi, ƙarin albashi ba ya sauya alƙiblar jarida, sai dai ya ƙara wa masu yaɗa manufar masu mulki jin daɗi.

Raunin hujjar shi ne ta yi wa mai jarida da ma'aikacinsa kuɗin goro. Mai kamfani da editocin da ya naɗa su ke tsara alƙibla, kuma ma'aikaci shi kaɗai ba ya iya ce musu a'a ba tare da ya rasa abincinsa ba. Inda aka taɓa taka musu birki daga cikin gida, ƙungiya ce ta yi. A watan Mayun 1984, ana tsakiyar yajin aikin masu haƙar kwal, jaridar The Sun ta shirya buga hoton shugabansu Arthur Scargill da kanun da ke kwatanta shi da Hitler. Ma'aikatan ɗab'i suka ƙi taɓa shafin, dole jaridar ta fito ba hoton, ba kanun. A watan Oktoban 2006 kuma reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ a Daily Star ya tilasta janye wani shafi da aka tsara don yi wa Musulmi izgili.

Sai dai rikicin Wapping ya nuna iyakar wannan fata. A watan Janairun 1986 Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa huɗu, wato The Times da Sunday Times da The Sun da News of the World, zuwa sabuwar maɗaba'a a Wapping da ke gabashin Landan, ya sallami ma'aikata kusan 6,000 da suka shiga yaji. Dokokin gwamnatin Margaret Thatcher sun riga sun ɗaure wa ƙungiyoyi hannu. Aka yi wa 'yan jaridar tayin ƙarin albashi, mafi yawansu suka karɓa, suka riƙa ratsa cincirindon masu yaji suna shiga aiki. 'Yan ƙalilan ne suka tirje. Yajin ya rushe a Fabrairun 1987. Daga baya ita kanta NUJ ta rasa bakin magana a kamfanin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: 'yan jaridar da suka ɗauki kansu ƙwararru, sama da masu ɗab'i, sun wayi gari ba mai tare musu faɗa.

Abin lura a nan shi ne karyewar ƙungiyoyi ba ta haifar da jarida mai kusanci da talaka ba. Mai kamfani ta bar wa fili. A Nijeriya ma haka lamarin yake ta wata fuska. Inda ake riƙe albashin wakili wata da watanni, ɗan siyasar da ke miƙa ambulan bayan taron manema labarai shi ke zama ainihin mai biyan albashi, labari kuwa ya bi aljihunsa.

Don haka goyon bayan ya wajaba a kan mai ra'ayin gurguzu, amma bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, mara wa yaji baya ba yafe wa jarida laifinta ba ne. Ana iya ƙaurace wa karanta ta ranar yaji, gobe a ci gaba da sukar abin da ta buga. Na biyu, a auna ƙungiyar da yadda take ɗaukar na ƙasa: masu ɗab'i, direbobi, da wakilan da ake biya gwargwadon labarin da suka aiko. Yarjejeniyar da ma'aikatan New York Times suka cimma a 2023 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a dala 65,000 a shekara, wato ƙananan ma'aikata suka fi cin moriyarta. Ƙungiyar da ke faɗa irin wannan ta cancanci goyon baya ko da mai jaridar abokin gaba ne.