Masu Sa Hannu a Kan Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa

Mu da muka karanta ilimin duwatsu a jami'o'in ƙasar nan, an horar da mu sosai a kan gane dutse. A ba mu guduma da taswira, za mu faɗi wane iri ne, daga ina ya fito, ina jijiyar ma'adini ta nufa. Abin da ba a zaunar da mu aka koya mana ba shi ne rubuta rahoton da mai kuɗi zai dogara da shi ya zuba dukiyarsa, da kuma yi wa filin ma'adini kuɗi. Wannan sana'a ce daban, kuma yawancinmu sai da furfura ta fara fito mana muka shiga ajinta.

Giɓin ya samo asali tun zamanin kuza. Kafin Turawa su zo, mutanen Liruwe suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwannin Kano. A 1904 Turawan mulki suka fara binciken ma'adinan Arewa, kuma wajejen 1910 zuwa 1912 kamfanonin kuzar Jos suka yi ta tsirowa a kasuwar hannun jari ta Landan, wasu da kuza a filinsu, wasu da labari kawai. An kafa hukumar binciken ƙasa a 1919, makarantar ma'adinai ta Jos ta zo a shekarun 1950, ƙungiyarmu ta NMGS kuma a 1961. Amma a duk tsawon lokacin nan ɗan ƙasa shi ne mai awo da ɗibar samfur, lissafin arziki da sa hannu kuwa a Landan ake yi. Da man fetur ya bunƙasa, haziƙanmu suka tafi can, ramukan Filato suka cika da ruwa. Ko majalisar COMEG da aka kafa da dokar 1990 rajistar ƙwararru take yi, ba ita ke koyar da rahoton kasuwa ba.

Su ma Turawan ba don Allah suka tsara ƙa'idojin rahoton ba, wuya ce ta koya musu. A Ostareliya, hannun jarin kamfanin Poseidon ya tashi daga ƙasa da dala 1 a 1969 zuwa dala 280 a farkon 1970 saboda labarin ma'adinin nikel, sannan ya rikito da mutane. Daga nan aka kafa kwamitin JORC a 1971, kundinsa ya fito a 1989. Ta Kanada ta fi muni. Kamfanin Bre-X ya ce ya gano zinare a Busang ta Indunusiya, darajarsa ta haura dala biliyan 6 na Kanada, sai a 1997 ta bayyana cewa barbaɗa zinare ake yi a cikin samfur kafin a kai ɗakin gwaji. Dokar NI 43-101 ta 2001 ɗiyar wannan abin kunya ce. Afirka ta Kudu ta fito da SAMREC a 2000. Na ƙiyasta kuɗi kuma akwai VALMIN tun 1995 da SAMVAL a 2008.

Wanda ya shiga kwas ɗin wannan sana'a a karon farko yakan zaci lissafi zai sha. Lissafi yana nan, amma abin da malaman suka fi nanatawa shi ne amana da shaida. Idan injin haƙa ya zaro sandar dutse daga ƙasa, a tsaga ta biyu, rabi ya tafi gwaji, rabi a adana a akwati don wani ya zo ya sake dubawa. A Busang niƙe ta suke yi gaba ɗaya. A cikin buhunan samfur kuma sai a cusa wasu da aka san babu komai a ciki, da wasu da aka riga aka san adadinsu, domin a gwada ɗakin gwajin shi kansa. Bayan haka ma'adinin yana da matakai: wanda ake hasashe, wanda alamu suka ƙarfafa, da wanda aka auna. Duk waɗannan ba su zama ajiya ba sai an cire kuɗin haƙa, da na tacewa, da haraji, da gyaran muhalli, an ga akwai riba. Mai sa hannu kuma dole ya shekara aƙalla 5 yana aiki a kan irin wannan ma'adinin, ya kasance ɗan ƙungiyar da za ta iya ladabtar da shi. Gwanin zinare ba zai sa hannu a kan farar ƙasa ba.

Farar ƙasar ce ta fi shafarmu a tsakiyar Katsina. Daga Kurfi ka bi hanya zuwa Dutsin-Ma har Ƙanƙara, tsohon dutse ne shimfiɗe a ƙasa, inda ya ruɓe kuwa yakan bar farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita. Kowane ɗayanmu ya saba da mai zuwa da ƙunshi a leda yana cewa, “Injiniya, a duba mini, a gonarmu aka samo, nawa zai yi?” Amsar gaskiya ba ta yi masa daɗi. Ƙunshi ɗaya ba ya faɗin kaurin ƙasar, ko zurfinta, ko inda ta ƙare. Mai kamfanin fenti a Kano zai tambayi haskenta, da laushinta, da yawan ƙarfen da ke sa ta ja. Sannan ga kuɗin mota, wanda shi kaɗai yana iya cinye ribar kaya mai arha irin wannan. Nakan ce masa, “Alhaji, samfur kake da shi, ba ma'adini ba tukuna.” Wasu daga nan sai su tafi wurin wanda zai rubuta musu biliyoyi a takarda mai hatimi, kuma ba a rasa mai rubutawa.

A nan darasin ƙiyasta kuɗi yake da amfani. Hanyoyi uku aka sani: a duba nawa aka sayar da makamancin filin, ko a lissafa kuɗin da zai riƙa kawowa shekara-shekara, ko a tara abin da aka kashe a bincike mai amfani. Filin da ba a taɓa huda shi ba, ƙa'ida ba ta yarda a yi masa lissafin riba ba. Lasin bincike da ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ke bayarwa ƙarƙashin dokar 2007 izinin nema ne na shekara 3, a fili da bai wuce murabba'in kilomita 200 ba. Na sha ganin masu riƙe da shi suna yawo da shi banki-banki kamar takardar gida, suna mamakin an ƙi karɓa jingina.

Inda aka bi ƙa'ida kuɗi sun zo. Zinaren Segilola a jihar Osun, na kamfanin Thor Explorations, da rahotannin tsarin Kanada ya samu jari, ya fara fitar da zinare a 2021. Ƙarfen Agbaja a Kogi da tsarin JORC aka ƙiyasta shi. Sai dai irin waɗannan rahotanni galibi kamfanonin waje ke sa musu hannu, namu yaran suna bakin rami suna lika lamba a akwati, kusan yadda kakanninsu suka yi a Jos. Tarayyar Afirka ta tsara nata kundin mai suna PARC, abu ne mai kyau, amma kundi ba ya ba mutum shekara 5 ta ƙwarewa. Wannan sai a bakin injin haƙa, ƙarƙashin wanda ya riga ya iya.

Nan kuma matsalar tsaro ta shigo. Tsarin Kanada ya wajabta wa mai sa hannu ya taka filin da ƙafarsa, kuma shekarun nan dazukan Safana da Batsari ba wurin kafa injin haƙa na wata uku ba ne. Saboda haka matashin Dutsin-Ma ko Kurfi da ke son wannan layi, ko da ya fara karatu a jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, ƙwarewar sai ya bi ta Osun, ko Nasarawa, ko ma Ghana da Burkina Faso. Kaɗan daga cikin waɗanda na sani sun tafi, suna tara shekarunsu, suna biyan kuɗin ƙungiyar ƙwararru ta waje da dala daga albashinsu.