Jarumi, Aboki da Doguwar Tafiya a Tsofaffin Littattafan Hausa

Labarin jarumin da ya bar gida ya tafi neman abin da ya gagari kowa ya girmi rubutun boko a ƙasar Hausa. A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan da ke kudancin tsohon Lardin Kano, an saba jin irinsa a bakin tsofaffin mata bayan sallar lisha, sa'ad da yara suka kewaye kaka a tsakar gida. A tatsuniyoyin nan Auta ne kan fita, shi da 'yan'uwa suka raina, ya gamu da wata tsohuwa a bakin rafi, ya yi mata ladabi, ita kuma ta faɗa masa sirrin Dodo. Maza suna da nasu a zaure: labaran yaƙi, da kirarin maharba da 'yan tauri. Yankin ma yana da abin tunawa na gaske, domin a ƙarni na 19 kudu maso gabashin ƙasar Kano ta sha hare-haren Ningawa, kuma Gwaram tana iyaka da ƙasar Bauchi ta yau.

Wannan gado ya shiga littafi ne ta hanyar gasa. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin wani Baturen ilimi mai suna Rupert East, ta nemi malaman Arewa su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, saboda makarantun elemantare suna yaye yara masu iya karatu amma babu abin karantawa. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East da kansa ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta Jiki Magayi. Biyun farko su ne suka kafa harsashin labarin jarunta da tafiya, kuma wa da ƙane ne suka rubuta su: Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne.

Ganɗoki jarumin takobi ne. Labarin ya fara da tarihi na zahiri, inda gogan naka yake yaƙi a rundunar Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, lokacin da Turawa suka shigo. Ya bi sahun masu hijira gabas, a zamanin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin 1903. Daga nan sai tarihi ya ƙare, almara ta karɓa. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljanu, suna cin garuruwa suna musuluntar da su. Manazarta da yawa suna ganin marubucin ya ba jaruminsa nasarar da bindigar Turawa ta hana shi a gida, ya kai shi inda takobi da layu suke da sauran amfani. Da ya dawo ya tarar da ƙasa ta sake, ga jirgin ƙasa ga makarantu, kuma 'yan makaranta ne ma yake ba labarin nasa.

Ruwan Bagaja ya ɗauki wata hanya dabam, kuma shi ne ya fi daɗewa a zukatan masu karatu. Abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida batun mutunci ne. Liman, mijin uwarsa, ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, fadawa suka mayar da shi abin dariya, shi kuwa yaro ya rantse sai ya kawo ruwan. Warkar da Yarima ta zo daga baya a lissafinsa; wanke dattijon da aka kunyata a bainar jama'a ita ce gaba. Alhaji Imam bai da dakaru, bai da wani ƙarfin damtse na a zo a gani. Jarinsa baki ne da dabara, wani lokaci har da 'yar damfara, kuma marubucin bai ɓoye wannan ba.

A nan ne maganar abota ta shigo, ta wata siga da ba kasafai ake ganin ta a littattafan Turai ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya fara ne a matsayin abokin gaba. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko: yau wannan ya sa an kama wancan, gobe wancan ya rama har da riba. Mai karatu yakan manta da ruwan Bagaja ɗungurungum, ya zauna jiran yadda za ta kaya tsakanin shaƙiyyan nan biyu. Sai bayan kowa ya gwada ɗan'uwansa ya ga ba kanwar lasa ba ne suka shirya suka zama aminai. Bahaushe ya san wannan zumunci a wasan taubasai da na Kanawa da Zazzagawa, inda tsokana take ƙara danƙo. An kuma daɗe da nuna cewa Abubakar Imam, wanda ya tashi a gidan malamai, ya ɗauko tsarin haɗuwa da rabuwar mutanen biyu daga Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da ake karantawa a zaurukan ilimi. Ya ara, amma ya yi wa abin ɗinkin gida, har ba a gane aro ne.

Abota mai tsafta, wadda babu zamba a ciki, sai a Magana Jari Ce, da Imam ya rubuta a Zariya aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. Musa ɗan Sarki Abdurrahman da Mahmudu sun tashi tare ba sa rabuwa. Da Mahmudu ya bi sarki zuwa yaƙi, Musa ya matsu ya bi shi, alhali Waziri ya shirya masa makirci a waje. Aku ne ya riƙa tsare shi da labari, dare bayan dare, har sarki ya dawo. Wanda ya ceci gidan sarauta a wannan littafi tsuntsu ne mai iya magana, kuma a ƙarshe shi aka naɗa waziri.  

Jarumin ƙarfi ya sake dawowa a farkon shekarun 1950 da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Asalin labarin na Rasha ne, na wani barde mai suna Ilya Muromets. Iliya ya taso gurgu, wasu baƙi suka warkar da shi, ya hau doki ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Waldima shi ne Vladimir, Kib kuwa Kiev, amma yaran da suka karanta shi a aji ba su taɓa jin baƙon labari suke karantawa ba. Daga baya fagen tafiyar ya faɗaɗa har sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969.

Makaranta ce ta kai waɗannan littattafai garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suke ƙarƙashin En'e ta Kano a lokacin, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 sun ƙara yawan manya masu karatu, hukumar NORLA ta riƙa buga littattafai masu araha, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya gaji aikin daga 1966. Kwafi guda kan zagaya unguwa sukutum. Wanda ya iya karatu ya zauna kusa da fitila ya karanta da ƙarfi, saura suna saurare, ana dariya idan Zurƙe ya sha kashi. Birnin Kudu, da yake tana da tsohuwar kwalejin gwamnati ta kwana, ta tara ɗalibai daga sassa da dama na ƙasar Kano, kuma littattafan Imam sun daɗe cikin manhajar Hausa ta sakandare.

Daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya karkata ga soyayya da zaman aure, sai dai littattafan yaƙi ba su mutu ba. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da fitar da labaran sadaukai, matsafa da aljanu kashi-kashi, ana sayar da su a teburan 'yan littattafai ana kuma ba da hayarsu. Yanzu yawancin irin waɗannan labarai sauraronsu ake yi, a gidajen rediyo da YouTube, ko a tura wa juna muryar mai karantawa ta wayar salula.